Ranar da Kaka Ta Daina Kallon Fim

Akwai wani wari da tsohon talabijin ke yi idan ya daɗe a kunne, warin roba mai ɗumi haɗe da ƙurar da ta kwanta a bayansa. Yaran yanzu ba su san shi ba, don nasu allon ba ya zafi, ba ya wari. Kwanakin baya na kai injin markaɗe wani shagon gyara a unguwarmu, sai na tarar mai shagon ya kunna wani tsohon akwati a kan kanta yana gwadawa. Warin nan ya bugi hancina. Na tsaya riƙe da jaka, mutumin yana ta yi mini bayani da Larabci, ban ji ko kalma ɗaya ba. Na riga na koma falon gidanmu na da, can wajen dutsen Uhudu a Madina, ina zaune a gindin ƙafar kakata.

Gidan haya ne, tsohon gini mai tsakar gida a buɗe, ɗakuna suna kewaye da ita. Idan ka hau soro, dutsen Uhudu ne a gabanka, ja kamar an gasa shi, musamman da yamma. Mu shida ne a ciki: Baba, wanda ke tuƙa motar masu ziyara, Umma, yayana da ni, sai Kaka, mahaifiyar Baba, da Baffa, ƙanin Baba, tela ne, yana da ɗan shago a layin masu sayar da carbi da dardumar salla.

Kaka tun tana yarinya ta baro ƙasar Hausa tare da iyayenta. Sun yi shekaru a Sudan suna noma suna tara guzuri kafin su ƙetaro teku. Hausarta ta Kano ce, amma da kalmomin Sudan a cikinta kamar tsakuwa a shinkafa. Larabcinta bai wuce na salla da na cefane ba, kuma ba ta taɓa jin kunyar haka ba. Abin da take kunya shi ne ɗanta na fari. Ban taɓa jin ta kira sunan Baba ba, ba ta ma dubansa ido da ido. In tana son wani abu a wurinsa, Umma take faɗa wa, ko ta yi maganar tana kallon bango.

In ka san zafin Madina, ka san bayan azahar ba mai fita sai dole. Kwalta tana narkewa, ruwan famfo yana fitowa kamar an tafasa shi. A irin wannan lokaci muke taruwa a falo, na'urar sanyaya ɗaki tana kakari a jikin taga, labule a sake, mu kunna fim. Da farko kaset ne na Indiya da ake aro gida-gida. Daga baya wani maƙwabcinmu zai koma ƙasarsu, ya bar wa Baba faifan tauraron ɗan Adam, aka kafa a soro, duniya ta shigo mana ɗaki da harsunan da ba mu taɓa ji ba.

Aikina shi ne karanta rubutun Larabcin da ke gudu a ƙasan allo in mayar wa Kaka da Hausa. Ina alfahari da aikin nan ƙwarai, amma sau da yawa sai ta dafa kafaɗata ta ce, "Bar shi haka, 'yar nan. Baki yana ƙarya. Bari in kalli ido."

Kaka tana da wata baiwa da duk matan layinmu suka san ta da ita. A kowane fim, tana gane daidai lokacin da so ya kama mutum. Ba ta kula da waƙa, ba ta kula da rawa a cikin furanni. Ta ce wannan tallar so ce, ba shi ba ne. Za ta yi shiru tana jan carbi, fim yana ta tafiya, sai a wani wuri da ba wanda ya ga an yi komai, ta bugi cinyarta ta ce, "Shi ke nan, ya kamu." Mu yi ta gardama. Yayana ya ce ai faɗa ma suke yi. Umma ta ce ai wata yake so ba wannan ba. Fim ya yi nisa, sai ga maganarta ta fito kamar ita ta rubuta shi.

Na sha tambayarta yadda take ganewa. Wata rana ta ce in dubi mai surutu idan ya yi shiru. Wata rana ta ce in dubi wanda ke kallo in ba a kallonsa, da an juyo ya sunkuyar da kai. Amma abin da ta fi maimaitawa shi ne, mai so yakan ji ƙishirwar wani kafin tasa. A lokacin ban wuce shekarun shiga makarantar gaba da firamare ba, ina ɗaukar maganar kamar kacici-kacici.

Baffa ba ya zama kallo da mu sai ranar Alhamis, don ranar ce abokinsa ke zuwa. Abokin nan Bahaushen Cadi ne, dogo, baƙi, mai faɗin kafaɗa da dariya mai cika gida. A wata gonar dabino yake aiki a garin Khaibar, arewa da Madina, shi ke hawa, shi ke yanka, shi ke ban ruwa. Mu yara Mai Dabino muke ce masa, har manya suka ɗauka. Ba shi da kowa a ƙasar nan, kuma a can gida ma iyayensa sun rasu. An ce ya shiga shagon Baffa ne wata rana da yagaggiyar riga, yana ta fama da Larabci, Baffa ya ɗago ya amsa masa da Hausa. Tun daga nan, duk ƙarshen mako sai ya hau mota ya zo Madina, ya yi Juma'a a Harami, wato Masallacin Annabi, ya ci tuwon Kaka, ya koma.

Ba ya zuwa hannu sake. Lokacin zafi yakan kawo dabino sabon nuna, mai laushi, wanda ke narkewa a baki tun kafin ka tauna. Lokacin sanyi kuwa busasshe, da ganyen na'ana'a a ƙunshe cikin jarida. Hannuwansa kullum a tsattsage suke, don ƙayar dabino ba ta da tausayi. In ya zo, bayan an ci abinci, Baffa yakan zaro allura daga wuyan rigarsa, ya kama hannun nan ya ɗora a gwiwarsa, ya yi ta cire ƙananan ƙayoyin da suka karye a ciki, ɗaya bayan ɗaya. Mai Dabino yana ba mu labarin macizan gona da rowar mai gonar, Baffa yana ta aikinsa. Baffa dama ba mai magana ba ne. Ya wuce shekarun aure da nisa, Kaka ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta nuna masa 'yan mata daga gidajen mutunci, kullum amsarsa ɗaya ce: lokaci bai yi ba.

Ranar da nake son ba ka labarinta Alhamis ce, a tsakiyar zafi. Baba ya fita da baƙi. Mun ci abinci, an ɗauke faranti, Umma ta kawo shayi. Baffa da Mai Dabino suna zaune kan tabarma kusa da ƙofa. Yayana yana ta juya tashoshi har ya faɗa kan wani fim na wata ƙasar Turawa, babu ko rubutun Larabci a ƙasa. Zai wuce, Kaka ta ce ya bari, tana son ganin teku.

Fim ne mai sanyi, ba kiɗa, ba gudu. Wasu maza biyu ne a wani ƙauyen bakin ruwa suna gyaran tsohon jirgin kamun kifi. Ɗaya ɗan garin ne, ɗayan baƙo da ya zo neman aiki. Suna kankare katako, suna shafa kwalta, suna raba burodi. Har faɗa suka yi a kan wata igiya. Mun ɗauka can gaba wata mace za ta fito, su yi rigima a kanta, kamar yadda aka saba. Yayana har ya fara hamma.

Sai aka nuna tsakar rana. Baƙon ya gaji, ya kwanta a kan yashi a gefen jirgin, barci ya ɗauke shi, rana tana dukan fuskarsa. Ɗan garin ya zo wucewa da guduma a hannu. Ya tsaya. Ya dubi mai barcin, ya dubi rana, sai ya matsa kaɗan har inuwarsa ta rufe fuskar. Ya tsaya a nan. Bai taɓa shi ba, bai ce komai ba. Gudumar tana hannunsa, gumi yana bin wuyansa, shi dai yana tsaye yana yi wa wani inuwa da jikinsa.

Kaka ta ce, "Shi ke nan, ya kamu."

Ba ta bugi cinya ba wannan karon. A hankali maganar ta fito, kamar ta kuɓuce mata.

Yayana ya fashe da dariya. "Kaka, yau kin faɗi. Maza ne fa su duka biyun. Ina macen?"

"Ni dai abin da na gani na faɗa," in ji ta.

Tana rufe baki sai na ga ta juya kai wajen ƙofa, ba da niyya ba, kamar yadda mutum ke juyawa in an kira shi. Ni ma na bi idonta. Baffa yana riƙe da ƙaramin kofin shayi, yana juya shi daga wannan kofi zuwa wancan don ya huce, kuma na san ba nasa ba ne, don shi da zafinsa yake sha. Hannunsa ya tsaya a sama. Mai Dabino, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya sunkuyar da kai yana kallon zaren tabarma. Ba wanda ya yi motsi. Na'urar sanyi kaɗai ke kakari.

Ban san tsawon lokacin da Kaka ta ɗauka tana kallon ɗanta ba. Na dai ga carbin ya tsaya a hannunta, na ga fuskarta ta sauka, irin saukar fuskar wanda ya daɗe yana neman abu a waje, ashe yana cikin ɗakinsa. Umma ce ta miƙe ta karɓe abin canza tasha daga hannun yayana, ta kashe, ta ce waɗannan finafinan Turawa ba na gidan Musulmi ba ne. Baffa ya ajiye kofin ya ce zai je masallaci. Ba a kira la'asar ba tukuna. Mai Dabino ya bi bayansa, bai ko ɗauki hularsa ba.

Da Baba ya dawo aka faɗa masa an ga fim marar kyau, sai ya sa aka goge tashoshin waje gaba ɗaya. Bai san sauran ba, kuma ba wanda ya faɗa masa, don babu abin faɗa. Me za a ce? Tsohuwa ta yi magana a kan fim, wani ya fasa zuba shayi.

Daga ranar Kaka ba ta ƙara zama gaban talabijin ba. In mun kunna, sai ta ɗauki dardumarta ta koma ɗaki. Sallarta ta ƙara tsawo, abincinta ya ragu. Na yi kewar aikina na tafinta, na je na same ta na ce an kawo sabon kaset, irin wanda take so. Ta shafa kaina ta ce, "Ido ya ga abin da zai gani, 'yar nan. Je ki kalla."

Mai Dabino ma ya ɗauke ƙafa. Alhamis ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, hularsa tana rataye a ƙusa bayan ƙofa. Baffa yana fita da sassafe, ba ya dawowa sai an ci abinci an watse. Ya rame har rigunan da ya ɗinka wa kansa suka yi masa yawa. Shi da Kaka suna gaisawa kamar maƙwabta. Dabino ya ƙare a gidan, Umma ta sayo na kasuwa.

Aka yi ta tafiya haka har zafi ya karye, aka fara sa rigar sanyi da safe. Wata Laraba Kaka ta fito tsakar gida, ta sa aka jiƙa mata busasshiyar kuɓewa, ta sa ni dakan busasshen nama irin yadda mutanen Cadi ke so a miya. Baffa ya zo wucewa, ta tsayar da shi, ba ta ɗago kai ba.

"Ina baƙonka?"

Baffa ya sunkuyar da kai.

"Ka aika masa. Ka ce gobe tuwonsa zai huce in bai zo da wuri ba."

Baffa ya matso kusa da ita. Ya durƙusa a gabanta kamar ƙaramin yaro, ya ce, "Inna." Bai iya ƙarawa ba. Ita ma ba ta nemi ƙari ba. Ta ce masa kawai, "Ka ji tsoron Allah, ka ji? Ni ma shi nake tsoro. Tashi ka tafi shago."

Washegari Mai Dabino ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama har sau uku, shi da ke faɗowa gida da dariya. Kaka ta amsa, ta sa aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, a gabanta, inda kowa ke wucewa. Daga ranar nan wurin zamansu ke nan. A nan suke ci, a nan suke hira, a nan Baffa ke cire masa ƙaya, ita tana gefe tana jan carbi. Ba ta kore shi ba, ba ta kuma bar su su kaɗai ba. Sai da na girma na gane nauyin abin da ta ɗora wa kanta. Maganar aure kuwa ba ta sake yi wa Baffa ita ba har ta koma ga Allah.

Shekaru suka shuɗe a haka. Na gama makaranta, yayana ya fara bin Baba a mota. Unguwa ba ta rasa masu baki. Mu Hausawan Madina kamar 'yan ɗaki ɗaya muke, na Kano da na Damagaram da na Sudan da na Cadi, kowa ya san tukunyar kowa. Akwai masu cewa tela da mai dabino sun zama kamar hanta da jini, su faɗa suna murmushin da ba na alheri ba. Maganar ta kai kunnen Baba. Bai tunkari ƙaninsa ba, amma ya daina zama a tsakar gida ranar Alhamis.

Lokacin yankan dabino ne aka bugo waya shagon Baffa. Igiyar da Mai Dabino ke ɗaure ƙugunsa da ita ta tsinke yana can saman wata doguwar bishiya. Aka kawo shi asibiti a Madina, bayansa a karye, ba ya iya motsa ƙafa. Baffa ya rufe shago da ɗinkin mutane a ciki, ya tare a gefen gadon. Shi ke juya shi, shi ke goge masa jiki, shi ke ɗiga masa ruwa a baki da cokali. Na raka Kaka dubiya sau ɗaya. Mutumin nan mai cika ƙofa ya koma kamar tsumma a kan gado. Da ya ga Kaka ya yi ƙoƙarin ɗagowa, ta hana shi. Ya ce, "Inna, ki yafe mini." Ta ce, "Ba ka yi mini komai ba, ɗana. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Wannan ne karo na farko da na ji ta ce masa ɗana.

Bai yi mako biyu ba ya cika. Mai gonar ya sa hannu a takardu, aka yi masa salla a Harami, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Baffa ne ya shiga ramin ya karɓe shi.

Da maza suka dawo daga maƙabarta, sai tambaya ta taso: ina za a zauna karɓar gaisuwa? Mamaci ba shi da gida, ba shi da dangi. Baba ya ce a bar shi haka, wanda ya haɗu da wani a masallaci ya yi masa ta'aziyya, ya wadatar. Muna tsakar gida gaba ɗayanmu. Baffa yana tsaye jikin bango, ƙasar kabari ba ta bar gwiwar wandonsa ba.

Kaka ta ce, tana kallon ƙasa, a nan za a zauna.

Baba ya matso ya rage murya. "Inna, mutane suna magana. In muka shimfiɗa tabarma a gidan nan, mun sa hannu a kan abin da suke faɗa. Ina da 'ya mace da ba ta yi aure ba. Takardar zamanmu a hannun wani take. Magana in ta yi nisa, ba mu san inda za ta tsaya ba."

Kada ka ɗauka Baba mugu ne. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma duk wanda ya yi zaman baƙunci a ƙasar mutane ya san yadda tsegumi ke iya raba mutum da abincinsa. Tsoro ne irin na mai iyali.

Sai Kaka ta ɗago ta dube shi, ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni.

"Ka ga wani abu da idonka?"

"A'a, Inna."

"Ni ma ban gani ba, kuma na fi ka ido. Abin da na gani, mutum biyu ne aka ɗora wa kaya mai nauyi, suka ɗauka, ba su sauke shi a kan kowa ba. Sauran yana wurin Wanda ya halicci zuciya. Ba a gidan nan za a yi hisabi ba. Mutumin nan ya ci tuwona shekara da shekaru, ba zai tafi kamar kare ya mutu a bola ba. Ɗauko tabarma."

Baba ya juya. Daga nan ya shiga ɗaki, ya fito da manyan tabarmin da muke shimfiɗawa da salla, ya shimfiɗa su da hannunsa tun daga zaure har ƙofar gida. Ya kama hannun ƙaninsa ya zaunar da shi a wurin da mai rashi ke zama, shi kuma ya zauna a gefensa.

Mutane sun zo, ko da yake ba kamar yadda ake cika gidan rasuwa ba. Wasu sun zo don Allah, wasu sun zo ganin ƙwaƙwaf, wasu sun aiko da uzuri. Ma'aikatan gonar sun zo daga Khaibar a bayan motar ɗaukar kaya, da ƙura a gashin idonsu. Wani tsohon malami mutumin Nijar, wanda ke ja mana salla a masallacin layi, ya zo ya zauna kusa da Baffa, ya riƙe hannunsa ya yi addu'a mai tsawo, ya ce masa Allah ya ba ka haƙuri, kai ne nasa. Mu mata muna ciki muna dafa shinkafa da gahawa. Kaka tana zaune a ƙofar ɗakinta, duk wadda ta shigo ita take yi wa gaisuwa, tana amsawa kamar uwar mamaci.

Maganar unguwa ta yi kwanakinta ta mutu, kamar yadda magana ke yi in ba a ba ta abinci ba. Ba a kore mu ba, na kuma yi aure a lokacin da Allah ya nufa. Kaka ta rasu bayan haihuwata ta fari, Baba ya bi ta ba da daɗewa ba. An rushe gidan nan na Uhudu tare da layin gaba ɗaya, yanzu wurin ajiye motocin baƙi ne.

Ni ba malama ba ce, ban kuma zo in yanke hukunci ko in warware wanda aka yanke ba. Abin da addini ya ce a kan aiki, na sani, Kaka ta fi ni sani, Baffa ma haka. Ban san abin da ya wuce abin da na ba ka labari ba, kuma ban taɓa nema ba. Yarana sun taso a wani zamani dabam. Ina yi musu Hausa suna amsa mini da Larabci, kowanne da wayarsa, kowanne da fim ɗinsa shi kaɗai a kunne. Suna da suna ga kowane abu, sunaye masu kaifi, na zagi da na gardama, kuma suna saurin liƙa wa mutum. Kaka ba ta da ko ɗaya daga cikin sunayen nan. Ta dai san ɗanta, ta san baƙon ɗanta, ta kuma san iyakar abin da aka ba ɗan Adam ya sani.

Baffa yana nan, a gidana yake zaune. Idonsa ya yi rauni, ya bar ɗinki, bai yi aure ba. Ranar Juma'a nakan kai shi Harami, in an buɗe ƙofar Baƙi'a bayan la'asar ya shiga da sandarsa, ni in tsaya a waje jikin shinge tare da sauran mata. Ka san kaburburan Baƙi'a ba su da suna, ba su da rubutu. Tudun ƙasa ne da ɗan dutse, dubbai, iya ganinka, tattabaru suna sauka suna tashi a tsakani. Ina hango shi yana tafiya a hankali, ya tsaya nan, ya matsa ya tsaya can.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali, da ya fito, na ce, "Baffa, kana gane wurin kuwa?"

Ya gyara riƙon sandarsa. "Da ina ganewa. Na sa ido a kan wani dutse mai tsaga. Sai aka yi ruwa, aka gyara ƙasa, aka kawo wasu. Yanzu ban sani ba." Sannan ya ce, "Sai in yi wa kowa sallama. Na san tana isa gare shi."

Na riƙe masa hannu muka gangara wajen mota, yana tafe yana waiwaye.